Haƙorin Zarto

Bahaushe ba ya yanka gora, fafe shi yake yi. Kowa ya san karin maganar da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma an fi kawo ta don a ja kunnen mai sakaci, wanda sai aski ya zo gaban goshi yake neman abin yi. Amma nauyin maganar yana cikin kalmar fafe ɗin. Wanda ya taɓa ganin ana aikin ya san ba buɗe baki kawai ake nufi ba. Sai duma ya ƙosa a jikin yaɗo, an tsinke shi, ya bushe ƙayau har ƴaƴan ciki suna kaɗawa. Sannan a buɗe shi, a kankare totuwar ciki, a zuba ruwa a bar shi ya kwana, a zubar, a sake zubawa, har ɗacin ya fita. Wanda ya fafe gora da safe ya kama hanya da hantsi, ruwa mai ɗaci zai sha a daji. Duk wannan aiki na kwanaki yana ƙunshe cikin gaɓa biyu.

A kasuwannin ƙasar Tasawa da Mayahi har yanzu akan tarar da masu ƙorai a can gefe, kusa da masu tabarmi da igiyoyin kaba. In ka yi sa'a ka iske ana fafewa, ka tsaya ka duba. Mutumin yana zaune a ƙasa, ya matse duman tsakanin tafin ƙafafunsa biyu. Ya zagaya cikinsa da zare, ya bi zaren da gawayi, ya cire zaren. Abin aikinsa ba wani abin kallo ba ne, sau da yawa guntun zarton yankan ƙarfe ne da ya karye, an naɗe gindinsa da tsumma. Da farko karta kawai yake yi, yana bin layin gawayi, yana mirgina duman da ƙafa kaɗan-kaɗan, har ya zagayo inda ya faro. Sai a zagaye na biyu haƙoran ke nutsewa. In yaronsa ne ke riƙe da zarton, za ka ji yana cewa, “Kai, kar ka danna. Bar shi ya ci da kansa.” Yaron ya ce, “To, Baba,” ya sassauta hannu. In ya danna, duman ya tsage ta inda ba a so, ƙwarya ta tafi hannun gyartai tun ba ta ga fura ba.

Ya ci da kansa. A wurinmu ƙarfe mai kaifi baki gare shi. Wuƙa tana da baki, gatari yana da baki, shi ya sa ake sara ana duban bakin gatari. Zarto kuwa har da haƙora. In wuƙa ta yi kaifi a ce tana ci, in ta dakushe a ce ba ta ci. Kuma kowane baki da irin cinsa, kowane ci da sunansa. Ana sare itace yana tsaye, a datsa shi in ya kwanta, a faskara shi in za a kai murhu, a sassaƙa shi in turmi ake so ko ƙotar hauya. Ana tsarga kara a tsaye, a fiƙe tsinke, a fere rogo, a ɓare gyaɗa, a feɗe akuya, a ɗaye ɓawo. Ka ɗauki kowace ka juya ta, za ka ga ta faɗa maka abin da ke hannun mutum, da abin da ke gabansa, da inda bakin ƙarfen ya dosa. Sara daga sama yake saukowa, da nauyi, a bugu ɗaya, shi ya sa maciji ma sara yake yi, ciwon kai ma in ya tsananta a ce kai yana sara. Fere kuwa a kwance wuƙa ke tafiya, tana bin jikin abu, tana ɗaukar kaɗan ta bar da yawa. Wanda aka ce ya fere rogo ya dawo da rabinsa, ba rogon kaɗai ya ɓata ba, bai ji abin da aka faɗa masa ba.

Akwai wata sana'a a nesa da mu da ta sa na sake duban waɗannan kalmomi, sana'ar masu haɗa sandar fatsa da hannu a Amurka da Turai da Japan. Mariƙin sandar, wurin da hannu ke kamawa, da wani irin ɓawon itace ake yin sa, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Masu jin Faransanci a Nijar sun san shi da liyej, ni kuwa a nan zan ce masa ɓawon matoshi. Ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa, ba ya santsi a jiƙaƙƙen hannu, ba ya ɗaukar sanyi ko zafi. Itacensa yana tsiro a yammacin Bahar Rum, a Fotugal da Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma Fotugal kaɗai ke fitar da wajen rabin abin da duniya ke amfani da shi, akasari daga yankin Alenteju. A Maroko akwai babban dajinsa na Ma'amura, kusa da Rabat.

Ba a sare itacen. Ɗaye shi ake yi. Sai ya shekara wajen 25 kafin a taɓa shi karo na farko, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9, tazarar da doka ta tsara a Fotugal. Ɓawon farko da na biyu masu kaushi ne, sai na uku ke yin kyan da ake nema, wato itacen ya haura shekara 40 ke nan. Wanda ya dasa ba lalle ya ga wannan ba. Da zafi ake aikin, tsakanin Mayu da Agusta, lokacin da ɓawon ke sakin jiki. Mai ɗayewa yana da ɗan gatari mai lanƙwasasshen baki, ƙarshen ƙotarsa an fiƙe shi ya yi faɗi. Ya tsaga ɓawon a tsaye da bakin gatarin, ya zagaya shi sama da ƙasa, sannan ya juya gatarin ya cusa ƙotar ya ɓamɓaro shi falle guda. Gwanintar duka ita ce bakin ƙarfen ya tsaya daidai inda mataccen ɓawo ya ƙare, kada ya taɓa ɗanyar fatar da ke ƙasa, domin daga ita sabon ɓawo zai fito. In an gama sai a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a jikin itacen, don a san ranar dawowa. Itacen da aka yi wa haka yakan kai shekara 200.

Mutumin ƙasarmu ba zai yi mamakin wannan ba. Ya ga kuka da aka ɗaye gindinta don igiya, ta kuma mayar da ɓawonta. Ya kuma ga maɗacin bakin hanya da masu neman magani suka bi da sassaƙe har suka zagaye shi, ya bushe a tsaye. Ɗaye da sassaƙe duk ɓawo ake ɗauka, amma ba hannu ɗaya ba ne.

To, ɓawon matoshin nan yana isa hannun mai haɗa sanda ne a matsayin ƴan zobba. Kowane zobe faɗinsa inci ɗaya da kwata, kaurinsa rabin inci, da ƴar huda ta kwatan inci a tsakiya. Mariƙi mai tsawon inci 7 zobe 14 ke nan, a jera su, a shafa gam, a matse, in sun bushe a ɗora a injin da ke juyawa a goge da takarda mai kaushi har su zama jiki ɗaya daidai tafin hannu. Wannan shi ne aikin da ba ado. Masu son ado kuwa sai sun yanka zobban. Su fitar da falle siriri su sa tsakanin masu kauri, ko su raba zobe gida 8 ko 12 daga tsakiya, su cakuɗa fari da mai duhu, su manne, su sake yanka shi falle-falle, su ɗan juya kowane falle kafin su jera, sai zanen ya fito irin saƙar tabarmar kaba mai launi biyu. A nan ne maganar zarto ke tasowa, kuma sukan yi doguwar gardama a kanta.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka abu mai taushi ba ya da wuyar yanka. Ya fi katako wuya. Katako yana tsayawa ya karɓi haƙori. Ɓawon matoshi kuwa iska ce ta fi yawa a cikinsa, ƴan ɗakuna ne rufaffu, wajen miliyan 40 a cikin gutsuren da bai wuce santimita ɗaya ta kowane gefe ba. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ganin su a madubin ƙara girma, bayan ya wasa ƴar wuƙarsa ya yanko falle siriri, ya kuma zana su a littafinsa Micrographia a 1665. Sunan da ya ba waɗannan ƴan ɗakuna shi ne har yau masana ke kiran ƙwayoyin halitta da shi. In ka danna wuƙa a kan irin wannan abu, lotsawa yake yi kafin ya yanku, bakin wuƙar ya zame ya bi gefe, in ka ɗaga hannu ɓawon ya kumburo ya dawo, sai ka ga yankan ya karkace. In kuma ka kawo zarton kafinta, mai haƙora 7 ko 8 a kowane inci, kowane haƙori ɓantarar nama zai yi, ya bar gefen a yage.

Don haka suke neman zarto mai ƙananan haƙora, 40 ko fiye a inci guda, mai ruwan da bai kai kaurin rabin milimita ba. Wasu na amfani da na maƙeran zinariya, wanda ruwansa siriri ne an ɗaure shi a baka, amma yana da saurin tsinkewa, kuma yakan lanƙwashe ya bar layi. Wasu sun fi son mai ƙarfe a gadon baya, wanda ke hana ruwan rawa, sai dai ƙarfen kan tare shi in yankan ya yi zurfi. Mutane kan ce zarto yana ci in ya tafi yana ci in ya dawo, alhali yawancinsu ta gefe ɗaya suke ci. Na Turai da turawa yake ci, na Japan da jawowa. Bambancin ba ƙarami ba ne: ƙarfen da ake turawa dole ya yi kauri don kada ya tanƙware, wanda ake jawowa kuwa jan ne ke miƙar da shi, sai a iya yin sa siriri. In da ni zan zaɓa, mai ci da jawowa zan ɗauka, domin hannu ya fi sanin kansa in yana jawo abu zuwa ƙirji.

Siririntar tana da wani dalili kuma. Wuƙa raba abu take yi, zarto kuwa sai ya ɗauki rabonsa. Duk inda ya bi, faɗin haƙoransa ya zama gari ya zube ƙasa. A kan gungume wannan ba komai ba ne. A kan zobe mai kaurin rabin inci da ake son a fitar da falle huɗu, zarto mai kauri zai iya cinye kusan falle guda. In kuma gida-gida aka raba zoben, abin da haƙora suka ci shi zai hana gutsattsarin komawa su cika da'ira. Ɓawon da itace ya shekara 9 yana tarawa, bai kamata a bar wa zarto fiye da haƙƙinsa ba.

Sai kuma abin da ke riƙe zoben ya nuna wa zarton hanya. Ɗan gungume ne na katako ko ƙarfe ko roba mai tauri, an rarake shi daidai faɗin zobe, an tsattsaga jikinsa ta inda ruwan zarto zai bi. Wani tsagarsa a kwance take don fitar da falle, wani kuma tsagoginsa sun haɗu a tsakiya don raba gida. Ba a sayen zarto daban a sayi wannan daban, tare ake zaɓen su. In tsagar ta fi ruwan faɗi, zarto ya yi ta rawa a ciki, yanka biyu ba za su zo ɗaya ba. In ta matse, ya cije. In haƙoran irin waɗanda aka karkata hagu da dama ne, za su riƙa cin bangon tsagar har ta buɗe. Na katako yana saurin lalacewa amma ba ya cutar haƙora, na ƙarfe yana daɗewa amma yana dakusar da su. Kowanne ka ɗauka akwai abin da ka bari.

Ni jagora nake ce wa wannan abu, kuma ba don ado ba. Jagora asalinsa mai jan gora ne, yaron da ke riƙe da kan sanda a gaba, makaho na riƙe da gindinta a baya. Zarto yana da haƙora amma ba ya gani, duk inda aka sa shi zai ci. Gorar da ake ja ɗin nan kuma ba goran da ake fafewa ba ne, ko da yake a rubuce ba ka raba su. A baki ne suke rabuwa: ta sanda murya na farawa sama ta sauko, na duma tana farawa ƙasa ta hau, ɗaya mace ɗaya namiji. Dukansu biyu kuma sun shiga ruwa. Gora mace ita ce sandar fatsa tun kafin a san na masana'anta. Gora namiji shi ne wanda masunta ke kifa ciki a kai suna iyo, suna kuma jefa kifi a cikinsa, kamar yadda ake gani a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Akwai masu raina jagora, suna cewa gwani ba ya bukatar sa. Ban yarda da su ba. Mai ƙwaryar nan na kasuwa ma yana da nasa, ƙafafunsa ne da zare da gawayi. Jagora gwaninta ce da wani ya samu sau ɗaya, bayan ɓarna mai yawa, ya kafe ta a cikin katako don na baya ya same ta ba tare da ya maimaita ɓarnar ba. Aikin da kalma irin fafe ke yi ke nan a bakin uba in yana magana da ɗansa. Ta riga ta tsaga hanyar da hannu zai bi.

Ƙasar Tasawa da Mayahi kuwa ba ta masunta ba ce. Ƙasa ce ta hatsi da wake da gyaɗa da kiwo, ta jigawa da rijiya mai zurfi. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi sunan gulbi ya rage masa, goriba ce ta cika kwarinsa. Mai son ganin kwalekwale da taru sai ya gangara tafkin Madarunfa, kudu da Maradi. Amma da damina, in tafkuna da kududdufai suka cika, inda duk aka sami tarwaɗa ko gaiwar da ta fito daga laka, za ka ga yara da fatsa. Kayan aikinsu ƙugiya ce da zare da tsumagiyar geza ko sabara, sai abin da zai yi yawo a kan ruwa ya nuna kifi ya taɓa. Wannan daga karan dawa ake samun sa. Yaro ya tsarge ɓawon karan da haƙori ko da farce, siri-siri, har farar totuwa ta fito. Sannan ya ɗauko tsohuwar reza. In ya danna, totuwar ta lotse ta murƙushe. Wanda ya iya yakan ɗora ta a gwiwa, ya riƙa mirgina ta da yatsa yana jan rezar a hankali, ta zagaya ta shiga da kanta, gunduwar ta fita da baki sumul. Matsalarsa da ta mai haɗa sanda a Amurka guda ce, maganin ma guda ne: baki siriri, hannu marar nauyi, da abin da zai tsai da abin yankan.

Abin da ke damuna shi ne yadda yanka ke haɗiye ƴan'uwanta. Robar da ta kori ƙwarya daga gidaje ba ta zo da kalmar aiki ba, domin ba wanda ya ga ana yin ta. Yaron da ya tashi a Maradi ko Kano yana iya cewa a yanka itace, a yanka rake, a yanka gora, kuma a gane shi. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa riƙe gizago ba. Amma yanka kalma ce ta gamawa. Ita ce ta rago ranar suna, ita ce ta yanke hukunci da yanke ƙauna da yanke zumunci. Ba ta tambayar me zai saura. Fere da fafe da ɗaye kuwa hankalinsu duka yana kan abin da za a bari, rogon ko ƙwaryar ko itacen.

Kalma ɗaya na sani da ta bi wata hanyar, kuma a ƙasar nan abin ya faru. Sassabe a da sharar gona ce kafin damina: duk tohon da ya fito daga kututture a sare shi, a tara, a sa wuta, gona ta yi fes. Manomin da ya bar sabara da kalgo a gonarsa rago ake ce masa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin dashen itatuwa a jihar Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Bahaushe ya riga ya faɗa cewa sara da sassaƙa ba su hana gamji toho, sai dai an daɗe ana faɗar ta a kan manyan mutane, an manta da itacen. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara gwadawa, da farko don abincin da ake bayarwa, daga baya don sun ga iska ta rage binne shuka, kuma itacen wuta ya matso kusa da gida. An ƙiyasta cewa a kudancin Nijar abin ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoman ba su nemo sabon suna ba, sai suka ce sassaben zamani. Adda ɗaya ce, lokacin shekara ɗaya ne, amma yanzu mutum yakan tsuguna gaban kututture ya duba toho goma, ya zaɓi uku zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran, ya rage rassan ƙasa na waɗanda ya bari. Masu koyarwa kuma suna nanata abu guda: a wasa addar sosai, a kuma sari reshe daga ƙasa zuwa sama, domin in daga sama aka sauko, nauyin reshen zai ɗaye ɓawon uwar ya bar mata rauni inda gara za ta shiga.